Satifiket Ɗin Waya Ba Shi Da Auki

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, don haka masu jiran su ji yadda za ta kaya tsakanin amarya da uwargida sai su yi mini haƙuri zuwa wani makon. Wani abu ne ya tsaya mini a maƙoshi tun shekarar 2024, na yi na yi in haɗiye ya ƙi wucewa, shi ne na ga gara in fito da shi fili kowa ya gani, in ya so wanda zai ji haushi ya ji. Maganar wannan sabon yayi ce da ya shigo wa ma'aikatanmu, inda mutum zai kwashi albashinsa ya biya kuɗin kwas a cikin waya, ya kwanta a katifa yana kallon wani Bature ko wani ɗan Legas yana ta zuba, bayan wata uku a turo masa takarda mai ado a ce wai ya zama gwani. Ni dai na ce ba a zama gwani a haka, kuma shaidata a cikin gidanmu take.

Cikin kwasa-kwasan da ake yayi akwai wanda 'yan boko ke kira furodak manajimen. Da na nemi a warware mini ma'anarsa sai na raɗa masa suna rainon haja, domin abin da ake nufi ke nan. Mutum ne za a danƙa wa haja guda ɗaya, ko sabulu ne, ko shinkafar buhu, ko manhajar tura kuɗi, a ce masa ga 'yarka nan. Shi zai gano wa zai saye ta, me mai sayen yake nema, nawa zai iya biya, a wane irin ƙunshi za a kai masa, kuma me za a gyara idan ya dawo da ƙorafi. Yana tsaye ne tsakanin masu sarrafa kayan da masu talla da masu saye, ba shi da ikon korar kowa daga aiki, amma ranar da haja ta kwanta shi ake fara nema. To ku gaya mini don Allah, aikin da kacokan ɗinsa sanin halin mutane ne, ta yaya za a koye shi a ɗaki, an rufe ƙofa an toshe kunne da iyafis?

Bari in ba ku labarin ƙanena, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Mu 'yan ƙasar Bagudo ne ta jihar Kebbi, mahaifiyarmu kuma daga wajen Illo aka auro ta, don haka iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin a bakinta muka tashi. Kowa ya san yadda harkar shinkafa ta bunƙasa a jiharmu tun da Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki, ga shinkafar Lake Rice da Kebbi da Legas suka haɗa hannu suka fitar a Disambar 2016, ga kuma rufe iyakokin ƙasa da aka yi a Agustan 2019 wanda ya sa ta waje ta yi wuyar samu. A wannan tsakanin ne injinan casa manya da ƙanana suka yawaita, kuma a ɗaya daga cikin ƙananan ne ƙanena ya sami aiki, ya fara da tsaron sito har ya kai ga riƙe ɓangaren sayarwa. Yaro ne mai ƙwazo, yana da mata da 'ya'ya biyu, kuma shi ke riƙe da tsohuwarmu.

Da maigidansa ya ce yana son su fitar da tasu shinkafar mai suna a ƙananan ƙunshi, maimakon su riƙa sayar wa dillalai a buhun da ba suna, sai ƙanena ya ga dama ta samu. Ya ci karo da tallar wani kwas a Facebook, ya tattara abin da ya kai albashinsa na wata biyu ya biya. Wata uku yana fama. Ya taso aiki da magariba a gajiye, ya ci tuwo, ya jingina da bango ya kunna bidiyo, can tsakiyar darasi sabis ya ɗauke. Matarsa ta ce sau da yawa sai dai ta zare wayar daga ƙirjinsa yana minshari, malamin na can yana ta bayani shi kaɗai. Duk da haka ya ƙarasa, ya ci jarrabawar canki-canka, aka turo masa satifiket, ya kai aka wanke masa aka sa a firem ya rataye a falo.

An koya masa cewa kafin a fitar da haja sai an ji ra'ayin masu saye. To madalla. Sai ya tsara fom a waya ya watsa a zaurukan WhatsApp, mutum fiye da 100 suka cika. Su wane ne? Abokan karatunsa, malaman makaranta, ma'aikatan sakatariya a Birnin Kebbi, wato masu babbar waya da data da Turanci. Suka ce suna son leda mai sheƙi, a like ta ruf, a rubuta bayani a jiki. Ya zana jadawali mai launi-launi ya nuna wa maigida, shi kuwa da bai taɓa ganin irinsa ba ya washe baki ya sa hannu. Aka bugo leda mai cin kilo 5 da rubutun Turanci da farashi a jiki, aka cika mota, aka ce a fara da kasuwannin bakin iyaka tunda can kuɗi ke yawo.

Allah ya sa na je gida biki a makon, na ce zan raka shi in ga abin arziki. Muka haye gadar Tuga, muka ratsa Ka'oje, muka isa Tsamiya hantsi ya dubi ludayi. Ya kafa tebur ya jera ledoji sai ka ce kantin Abuja. Mutane na zuwa su tsaya su kalla su wuce. Can sai ga wata dattijuwa mai sayar da abinci a tasha, ta ɗauki leda ɗaya ta jujjuya, ta dube shi ta ce, “Ɗana, wagga shinkafa taka tana da auki?”

Ya yi turus. Ya shiga gaya mata da inji aka cire tsakuwa, ga lambar hukuma nan a jiki. Ta ce, “Ba shi nit tambaye ka ba. In na zuba kwano guda cikin tukunya, faranti nawa za ta ba ni? Buɗe in gani.” Ya ce, “Inna, ai ba a buɗewa, don tsabta aka like ta.” Ta ajiye ledar a hankali kamar mai mayar da jaririn wani, ta ce, “To wa ka sayen abin da bai taɓa ba?” Ta matsa gaba wurin wani mai awo, ta cusa hannu a buhu, ta ɗebo ta shinshina, ta jefa ƙwaya biyu a baki ta ciza, suka yi ciniki ta auni kwano goma, rabi kuɗi hannu, rabi sai kasuwa ta zagayo.

Har la'asar leda 7 muka sayar. Da za mu tashi muka biya ta rumfar wani tsohon dillalin hatsi, aminin marigayi babanmu, don mu gaishe shi. Tsohon nan bai taɓa shiga aji ba, amma kafin shayin da ya sa aka kawo mana ya huce ya warware wa ƙanena abin da bidiyon wata uku bai gaya masa ba. Ya ce mai sayen shinkafa a nan ba ɗan albashi ba ne, mai dafawa ta sayar ce da mai shago, kuma su da kwano da mudu suke lissafi. Ya ce ƙasar da kowa ke noma shinkafa a fadama ba a burge mutum da leda, sai dai da auki da rashin tsakuwa, su kuwa sai an taɓa an dafa ake yarda. Ya ce ka buga farashi a jiki alhali Naira na hawa da sauka a gaban Sefa kullum safiya, ga masu ciniki da yawa da Sefa suke zuwa daga Segbana da Kandi. Ka kuma yi rubutu da Turanci ga mutanen da ke jin Hausa da Dandanci da Fulatanci da Faransanci. Ya ce buhu ko an cinye abin ciki dukiya ne, ana zuba gero ana shimfiɗa, ledarka kuwa kafin babur ya kai ta ƙauye ko kwalekwale ya haye da ita daga Lolo ta fashe. Sannan ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Da ka zo ka zamna nan kasuwa biyu kahin ka buga wagga leda, da kuɗɗin mutane ba su ƙone ba.”

A hanyar komawa ba wanda ya ce uffan. Maigida bai kore shi ba, amma ya sa a riƙa yankar kuɗin ledar a albashinsa, kuma har yau da nake wannan rubutu ba a gama yanka ba.

Na san wasu za su ce ai laifin yaron ne, kwas ɗin ya ce a tambayi masu saye, shi ne ya je ya tambayi waɗanda ba su ba. Haka ne. To amma wa ya kamata ya gaya masa ya kauce hanya? Ai amfanin malami ke nan. Da a aji yake, gaban mutum mai rai, ranar da ya ɗaga fom ɗin nan malam zai ce masa tsaya, su wa suka cika? Ko malam bai lura ba, cikin abokan karatu ba za a rasa wanda uwarsa ke sayar da abinci ba, zai yi dariya ya ce kai, ka tambayi auki? Bidiyo ba ya ganin fuskarka, bai san ka fahimta ko ka karkace ba, ko barci kake shi dai ci gaba yake. Jarrabawar canki-canka kuwa abin da take aunawa shi ne ko ka haddace sunan abu, ba ruwanta da ko za ka gane abin in kun haɗu a kasuwa.

Da abin ya dame ni sai na shiga tonon asalin wannan sana'a, na kuwa sha mamaki, domin su kansu waɗanda suka ƙirƙiro ta da ƙafa suka ƙirƙiro ta. A 1931 wani matashin ma'aikaci mai suna Neil McElroy a kamfanin Procter & Gamble masu yin sabulu a Amurka ya rubuta wa shugabanninsa takarda yana neman a ba kowace haja mutumin da zai tsaya mata, kuma cikin aikin da ya zayyana wa mutumin har da zuwa yankin da ciniki ya yi rauni da kansa, ya gana da 'yan kasuwa da masu saye ya gano inda gizo ke saƙar. Daga wannan takarda masana da yawa ke fara ƙirga tarihin aikin. Injiniyan da kamfanin Toyota ya ɗora wa sabunta motar Sienna ta 2004, Yuji Yokoya, sai da ya tuƙa mota mil 53,000 a Amurka da Kanada da Meziko don ya ga yadda iyalai ke amfani da ita. A nan Afirka ma, M-Pesa ta Kenya da ake ta buga misali da ita, a gwajin da aka fara a 2005 don biyan ƙananan rance aka tsara ta, sai da masu aikin suka zuba ido suka ga mutane sun mayar da ita hanyar tura wa juna kuɗi, suka juya akalarta, aka ƙaddamar da ita a 2007 don aika kuɗi gida. To in masu abu da abinsu sun yarda gani ya kori ji, mu 'yan aro mene ne namu na cewa ji ya wadatar?

Kuma mu ba baƙi ba ne a wannan hanya. Illo ɗin nan ta kakannina tana kan ɗaya daga cikin hanyoyin da fataken goro ke bi a da, su haye Kwara su ratsa Borgu su nufi Gwanja. Ayari na da madugu da jagaba da uban dawaki, kuma ba wanda ya zama madugu don ya sha labarin hanya. Sai ya bi ayari tun yana yaro, ya san mashaya, ya san inda ake biyan fito, ya san yadda ake yayyafa wa goro ruwa a sake masa ganye don kada ya lalace kafin Kano. Ta fuskar karatu kuwa, wa ya fi mu sanin yadda mai sana'a ke neman ilimi? Karatun zaure fa? Tela da mahauci da ɗan kasuwa, kowa ya rufe rumfarsa ya ɗauki littafi ya zo gaban malam bayan magariba ko bayan asuba, ya biya, malam ya gyara masa, na gefe ya ji gyaran ya amfana. Littafin yana nan a kasuwa, kowa na iya saye ya karanta a gida, amma ba mai kiranka malami sai an san a gaban wa ka durƙusa. Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ƙasarmu ta Bagudo ke cikin masarautarsa, littafi guda ya wallafa don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Mutanen da suka gaji wannan ne yau za a ce musu zama gaban malami ƙauyanci ne? Haba!

Ni kaina da kuke karanta littattafaina, sakandare kawai na gama, kuma ba a can na koyi yadda littafi ke shiga hannun mai karatu ba. Lokacin da na kai littafina na farko Kano a 2003, maigidana ya raka ni wurin wani mai sayar da littattafai a kasuwar Sabon Gari. Mutumin ya ƙi karɓar rubutun, ya ce in zauna a benci cikin shagon kwana biyu in yi kallo tukuna. Na ji haushi, amma na zauna. A nan na ga yarinya ta ɗauki littafi ta duba bango, ta juya shafin ƙarshe ta ga an ce a nemi na biyu, ta tambaya ko ya fito, da aka ce bai fito ba ta ajiye. Na ga masu ba da haya suna zaɓen mai takarda mai ƙwari saboda hannu ashirin zai bi. Na ji wata na ƙorafin rubutu ya yi ƙanana ba ya karantuwa da fitilar ƙwai. Na koma gida na raba labarina uku, na sa kowane kashi ya tsaya a inda zuciya za ta tsinke, na hana a fitar da na ɗaya sai na biyu na wurin ɗab'i. Ashe rainon haja nake koyo ban sani ba. Yau kasuwar ta koma waya, ni ma a can nake sayar da yawancin rubutuna, amma abin da na gani a bencin nan shi nake ci har gobe.

Sai mu zo kan ma'aikaci, wanda saboda shi nake wannan rubutu. Ana cewa wai kwas ɗin waya shi ya fi dacewa da mai aiki tunda ba shi da lokaci. Ni kuwa na ce shi ne ma ya fi kowa buƙatar aji. Magidanci ko matar aure mai aiki, duk lokacin da ba a yanka masa rana da wuri ba to ba nasa ba ne, na maigida ne da yara da baƙi da gajiya. Abin da aka ce ka yi shi sanda ka ga dama, ƙarshensa ba a yi. Amma in an san ranar Asabar ƙarfe 10 kana da aji, kuma in ba ka zo ba akwai wanda zai kira ya ce lafiya dai, to kunya kaɗai ta isa ta tashe ka. Ba ni kaɗai na ga haka ba. A 2019 mujallar Science ta buga binciken Justin Reich da abokin aikinsa a kan darussan intanet na jami'o'in Harvard da MIT, inda aka ga a zangon 2017 zuwa 2018 kusan mutum 3 ne cikin 100 na waɗanda suka shiga suka kai ƙarshe. Darussan manyan jami'o'in duniya ke nan fa, kuma yawancin ɗaliban a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa suke.

Bayan haka, ma'aikaci da kayansa a ka yake zuwa aji. Yana da matsalar da ya baro a wurin aiki jiya, kuma zai koma ya tarar da ita jibi. Idan mutum goma irinsa suka haɗu, wannan daga banki, wannan mai kula da masu POS, wannan daga kamfanin taki, wancan daga injin casa, to kowannensu littafi ne ga ɗan'uwansa. Wanda ya ga yadda masu POS suka zama bankin ƙauye lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 yana da darasin da babu shi a bidiyon da aka ɗauka a Landan. Sannan rabin wannan aiki shawo kan mutane ne: ka sa mai inji ya canza abin da ya saba, ka gaya wa maigida shawararsa ba za ta yi ba kuma ka kwana da aikinka, ka zauna dillali ya yi maka dariya ka daure ka ci gaba da tambaya. Wannan sai an gwada a gaban jama'a, an ƙaryata ka, ka ji zafi ka gyara. Wanda bai taɓa shan musu a aji ba a kasuwa zai fara sha, musun kasuwa kuwa da kuɗi ake biyansa.

Kada a ce na tsani intanet. Da ita na binciko wasu abubuwan da na faɗa a sama, kuma na san uzurin masu kare ta ba na banza ba ne. Daga Bagudo zuwa Birnin Kebbi tafiya ce, kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, hanya kuma ba kullum take da aminci ba. Akwai matan da ba za a bar su su yi nisa ba, ni mace ce na sani. Duk na yarda. Amma in makaranta ta yi nisa, matso da ita ake yi. Nana Asma'u a ƙarni na 19, ba mota ba kwalta, ba ta ce matan ƙauye su haƙura ba. Jaji take naɗawa, mace ta zo wurinta ta ɗauki karatu, ta koma da ƙafarta ta zauna da matan ƙauyensu ta karantar, aka sami tsarin 'Yan Taru. Ita kanta gwamnatin tarayya da ta fito da shirin 3MTT a 2023 don horar da mutum miliyan 3 sana'o'in fasahar zamani, ta sa rainon haja cikin darussan, kuma ba ta bar karatun a waya zalla ba, ta haɗa da cibiyoyin da ɗalibai ke haɗuwa ido da ido. Kukanmu shi ne duk irin wannan shiri ya riƙa saukowa har Bagudo da Ka'oje da Illo.

Don haka ga kirana. Ku masu sayar da kwas a waya, ku ji tsoron Allah ku daina cewa wata uku sun isa mutum ya zama manaja. Ku kira abinku da sunansa, share fage ne, kuma duk wanda bai tanadi malamin da zai duba aikin ɗalibi ya ja masa kunne ba, to bidiyo yake sayarwa. Ku masu kamfanoni da injina, in kuna son yaranku su iya, ku sake su rana ɗaya a mako, ku haɗa su da tsofaffin dillalanku, kuma kada ku sa hannu a jadawalin da mai shi bai taka kasuwa ba. Maigidan ƙanena ma yana da nasa kason laifin, ko da yake albashin yaro kaɗai ake yanka. Ku shugabanni da masu hali na ƙasar Bagudo, aji ɗaya na makarantar sakandare da ke kulle ranar Asabar ya isa. A samo wanda ya yi aikin nan da hannunsa ya riƙa zuwa ko sau biyu ne a wata, a ware wa mata nasu zaman, a sa sharaɗin kowane ɗalibi sai ya yini a kasuwar Tsamiya ko ta Lolo ya dawo da abin da ya gani. Bidiyon a kalle shi a gida, a zo aji a yi musu a kansa.

Kai kuma ɗan'uwa ma'aikaci, kafin ka tura kuɗinka ka tambaya wa zai duba aikinka, kuma a ina za ka gan shi. In an ce maka ai komai na cikin manhaja, riƙe abinka. In kuwa ka riga ka biya, to nemi mutum huɗu ko biyar masu irin karatunka ku riƙa haɗuwa ko a gindin bishiya ne, ku nemi dattijon da ya tsufa a cikin hajar da kuke son ku raina, ku kai masa goro ku zauna.

Abin da ƙanena ya yi ke nan daga baya, da wuya ta koya masa. Wata biyu duk ranar kasuwa yana rumfar tsohon nan yana riƙe masa mudu yana sauraren ciniki. Ya nemo wasu masu aiki su huɗu a Birnin Kebbi suna haɗuwa duk Asabar a barandar wani shago, kowa ya baje aikinsa sauran su tsattsage shi. Yanzu shinkafar tasu a buhun saƙa take fita, ba farashi a jiki, ga suna da Hausa, ga buhu ɗaya a buɗe gaban tebur don mai son ya taɓa. Ya kai wa dattijuwar nan kwano biyu kyauta, ta dafa ta ƙirga farantinta da kanta. Ban ce ya yi arziki ba, bashi na nan a wuyansa, amma ta dawo ta saya, ta kuma zo da wasu mata biyu.

Satifiket ɗin yana nan a falo, matarsa ce ta hana a cire saboda ya rufe wani tsagin bango. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya raba mu da asarar da muke saye da kuɗinmu. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.